Katin ƴan lekkol 412: abin da nake rubutawa kullum kan ɗora hoto bisa hoto

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Yau da hantsi daraktan wani lekkol na kuɗi a nan Sabon Garin Damagaram ya shigo shagon Yaya da kile USB a aljihu da takardar sunaye a hannu, wai katin ɗalibai yake so, yara 412, kafin ƙarshen wata. Bara da hannu muka yi ma wani lekkol irin wannan aikin, ka jawo hoto da linzami ka ajiye, ka ƙara ja kaɗan, ya tsallake ya faɗa shafi na gaba, sai da muka ci sati uku, kuma in ka jera katunan bisa tebur ba ka samun biyu da hotonsu ya zauna wuri guda. Shi ya sa tun kafin Yaya ya buɗe baki na ce bana da kod zan yi. Ya dube ni ya ce "kai dai kar ka ja mini kunya gaban Mushe." Na ce in sha Allah Yaya.

Zan riƙa rubuta abin da na yi kowace rana a nan don kaina, saboda na san halina, bayan wata uku ba zan tuna me ya sa na sa 48 ban sa 50 ba.

Awo tukuna. Katin irin girman katin banki ne, milimita 85,6 a faɗi da 53,98 a tsaye. Za mu buga da digo 300 a kowane inci, inci kuma milimita 25,4 ne, kenan katin ya zama fiksel (ƴan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 1011 da 638. Milimita ɗaya ta kama kusan fiksel 11,8, wannan lambar na rubuta ta da bik a bangon kusa da kwamfuta. Na zana ƙasan katin, kore da fari, sunan lekkol a sama, na bar fili a hagu domin hoton yaro mai fiksel 300 da 380. Abubuwa huɗu ne za su hau bisa: hoton yaro, tambarin lekkol, sa hannun darakta, sai hatimi. Shi kenan na yau.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na fara da ImageMagick, manhajar sarrafa hoto ta hanyar buga umarni, don shi na ɗan sani. Tsoho ne ƙwarai, John Cristy ya fara rubuta shi a 1987 lokacin yana aiki a kamfanin DuPont a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 1990, ya girme ni nesa ba kusa ba amma har yau yana aiki. Nawa na 7 ne, shi ya sa umarnin magick nake bugawa, masu na 6 convert suke bugawa.

magick kati.png yaro.png -geometry +48+170 -composite fita.png

Ma'ana ɗauki kati, ɗora yaro bisa, ka matsa da shi fiksel 48 daga hagu, 170 daga sama. Abin da ya fara rikita ni lamba ta biyun ce. A lekkol Mushen lissafi ya koya mana cewa y sama take yi, in ka ƙara ta digo ya hau. A hoto kuwa sifili yana can kusurwar sama ta hagu, in ka ƙara y ƙasa kake gangarawa, gadon tsofaffin talabijin ne da ke zana hoto layi layi daga sama zuwa ƙasa. Na so in ɗaga hoton kaɗan na ƙara 20, sai ya nutse. Sau biyu na yi haka kafin kaina ya yarda.

Na biyu, wurin da ake aunawa a jikin hoton saman ma kusurwarsa ta sama ta hagu ce, ba tsakiyarsa ba. Wato +48+170 yana cewa ne kusurwar hoton yaro ta zauna a nan, sauran jikin ya bazu dama da ƙasa. Hoton ya ƙare a 348 ta dama, 550 ta ƙasa, akwai saura 88 kafin bakin kati. Lafiya lau.

Sai wani abin dariya. Na ga wani misali da ke amfani da umarnin composite shi kaɗai, na kwafi jerin fayilolinsa na saka cikin magick, sai ga fita.png ya fito ɗan ƙarami 300 da 380 da guntun koren kati ya rufe fuskar yarinya. Ashe su biyun jerinsu ya saba: a composite hoton sama ake fara faɗa sannan na ƙasa, a magick kuma na ƙasa ne farko. Kuma girman abin da zai fita girman na ƙasa ne kullum. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da halinsa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yau ranar kasuwa ce, shago ya cika da masu fotokofi daga ƙauyuka, ban zauna gaban aikin ba sai bayan la'asar, kuma da na san abin da ke jirana da na tafi shan shayi.

Hotunan da lekkol ya kawo kowane da girmansa, wani a tsaye wani a kwance, wani har gwiwa aka ɗauki yaro. Dole a yanke su su zama 300 da 380 kafin a ɗora. Na haɗa komai cikin layi guda don in nuna gwaninta: na buɗe baka, na sa yaro.jpg -resize 300x380^ -gravity center -extent 300x380, na rufe baka, sannan -geometry +48+170 -composite kamar shekaranjiya. Alamar ^ ɗin tana sa hoton ya cika akwatin ya yi rara, extent ya yanke rarar, gravity center kuma ya sa a yanke daidai ta kowane gefe. Yankan ya yi kyau. Amma hoton ya bar filinsa na hagu ya zo ya zauna tsakiyar kati bisa wurin suna, ya gangara ƙasa har kafaɗun yaro sun fice daga katin.

Na duba lambobi sau ya fi goma, 48 ne, 170 ne, ban taɓa su ba. Na sake kunna kwamfuta kamar wanda aka yi ma asiri. Yaya ya leƙo ya ce "wannan ne kod ɗin naka?" ya wuce. Wallahi na ji haushi.

Sai wajen magariba na ɗauki kaye na yi lissafin inda hoton ya faɗa. Tsakiyar kati 505 da 319. In ka ƙara 48 da 170 ka samu 553 da 489. Na auna a hoton, tsakiyar hoton yaron tana nan cif. Kenan lambobina suna aiki, sifilin ne ya tashi daga kusurwa ya koma tsakiya ba tare da ya yi mini sallama ba. Wannan -gravity center da na sa don yanka ba aikin lokaci guda ba ne, saiti ne, in ka kunna shi yana nan kunne har ƙarshen layin, kuma baka ba ta tsare shi, yana tsallakowa waje sai in ka sa -respect-parentheses tun farko. Da gravity center, geometry na auna tsakiyar hoton sama daga tsakiyar na ƙasa. Hoto mai tsayi 380 da tsakiyarsa ke 489 zai ƙare a 679, katin kuma 638 ne, fiksel 41 sun tafi iska. Ga kafaɗun da suka ɓata.

Maganin kalma biyu ne, -gravity NorthWest kafin geometry. Awa uku kan kalma biyu.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya shigo karɓar caja ina cikin mita, na ba shi labari a taƙaice, ya ce ai ko su in yaro ya ce aljihu inci tara, tambayar farko daga kafaɗa ko daga wuya, don in ba a faɗa ba aljihu a ciki yake ƙarewa. Ya ɗauki cajarsa ya fita. Tun daga nan duk lambar da na rubuta a kaye sai na rubuta "daga ina" a gefenta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An ɗauke kuran tun safe, batirin kwamfutar ba ya wuce minti arba'in, don haka kaɗan na yi. Sa hannun darakta nake so a kusurwar ƙasa ta dama. Na sa -gravity SouthEast, na ce a raina tunda hagu da sama nake son ya matsa dole lambobin su zama na ragi, na sa -36-36. Rabin sa hannun ya fice waje. Ashe in gravity na gefe ne, lamba mai + kullum cikin hoto take turawa, wato daga kusurwar ƙasa ta dama +36+36 hagu da sama yake nufi. Da hankali a ciki in ka zauna ka yi tunani, tazara ce daga baki, amma hannu ya riga ya saba da dama da ƙasa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na yanke shawara, na koma yaren kod na Python da Pillow, kayan aikinsa na sarrafa hoto. Ba don ImageMagick ya kasa ba, yana iya yin komai, ni ne dai na gaji da saitin da ke bina a baya ban sani ba, ga kuma sunaye 412 da aji da lambar ɗalibi da zan karanto daga fayil ɗin lekkol, wannan a Python ya fi mini sauƙi. Pillow jikan PIL ne da Fredrik Lundh ya fara a 1995, Alex Clark ya ɗauko shi ya ci gaba da sunan Pillow a 2010.

A nan babu gravity sam. Sifili ɗaya ne, sama ta hagu, ba ya motsi. kati.paste(yaro, (48, 170)) shi kenan. In kana son abu a dama kai za ka yi lissafinka: tambari fiksel 120 ne, ina son tazarar 36 daga bakin dama, 1011 a cire 120 a cire 36, saura 855. Ya fi wahalar rubutu amma duk lambar da ta ɓaci ni na ɓata ta, na san inda zan nema. Ni dai wannan ya fi kwanta mini.

Tuntuɓe biyu na yi yau. Na farko tambarin lekkol PNG ne mai zagaye, bayansa babu komai, ana ganin abin da ke ƙasa. Da na ɗora shi sai ya fito cikin baƙin akwati kamar an ƙona wurin. Dalili, paste in ba ka ba shi abin rufe fuska ba kwafar fiksel yake yi gaba ɗaya, har waɗanda aka ce ba a ganinsu, su kuma a ɓoye launinsu baƙi ne. Sai ka sake miƙa masa hoton a wuri na uku: kati.paste(tambari, (855, 36), tambari). Na ukun yana cewa duba alfa ɗin wannan hoton, wato lambar da ke faɗin yadda kowane fiksel ke rufe abin da ke ƙasa, inda yake 255 ka ɗora, inda yake 0 ka bar na ƙasa, inda yake tsakani ka gauraya. Gaurayawar lissafi ne mai sauƙi, launin sama sau alfa, a haɗa da launin ƙasa sau abin da ya rage. Thomas Porter da Tom Duff ne suka tsara waɗannan ƙa'idojin ɗora hoto a 1984 suna aiki a Lucasfilm, abin da aka yi don fim ga shi ina manna tambarin firamare da shi a Damagaram.

Na biyu, na so in sa lambar ɗalibi cikin wani ɗan farin akwati a tsakiyar ƙasan hoto, na raba da / sai Pillow ya ƙi, wai lamba cikakkiya yake so. Gaskiyarsa, babu rabin fiksel. // ne ke ba da cikakkiya. Kuma da na zo ajiyewa a JPEG ya sake ƙi saboda katin RGBA ne, wato mai launi haɗe da alfa, JPEG ba ya ɗaukar alfa, na bar shi PNG na huta.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Hatimi. Wannan ne ɓangaren da ya fi mini daɗi duk cikin aikin.

Mushe darakta ya dawo da safe ganin samfuri. Ya juya katin ya ce komai ya yi amma hatimin ya cika miƙewa, kamar ba mutum ya buga ba, kuma yana so ya ciji kusurwar hoton yaro, rabi bisa hoto rabi bisa kati, yadda ake yi a takardun gwamnati don kar wani ya ɓare hoto ya manna nasa. Na ce "to Mushe, za a karkata shi." Ya buga mini hatimin bisa farar takarda sau uku, na zaɓi wanda tawada ta fi fita, na yi sikan, na cire farin baya, na mai da shi 220 da 220.

Na ɗora a 230 da 390, ya ciji kusurwar daidai yadda ake so, tsakiyarsa na 340 da 500. Sai na juya shi digiri 12. Da farko ban sa expand=True ba, gefen rubutun da ke kewaye ya ɗan gutsure don akwatin bai ƙaru ba. Na sa, gutsurewa ta tafi, amma hatimin ya zame dama da ƙasa, ya daina cizon hoton sosai, ƙasansa ya kusa taɓa bakin kati. Wannan karon ban yi awa uku ba, na tambayi kaina daga ina. In ka karkata murabba'i, akwatin da zai ɗauke shi dole ya fi girma, 220 ya koma kusan 261. Ni kuma har yanzu kusurwar akwatin nake kafawa a 230 da 390, to ƙarin 41 ɗin duk dama da ƙasa ya tafi, tsakiya ta goce da fiksel 20 ta kowane gefe, kusan milimita biyu. A allo ba ka cewa komai, a kati mai tsayin santimita biyar da ɗoriya ido na gani.

Gyaran shi ne in daina tunanin kusurwa, in riƙe tsakiya. Na rubuta ɗan aiki guda, ka ba shi hoto da inda kake son tsakiyarsa, shi ya cire rabin faɗi da rabin tsayi bayan an gama juyawa ya samo kusurwar da paste ke so. x = 340 - hatimi.width // 2, haka ma y. Yanzu ko digiri nawa na juya yana nan daram. Har na yi wasa, kowane kati na ba shi karkata tsakanin 8 da 15 ba tsari, sai suka fito kamar da hannu aka bi su ɗaya ɗaya. Yaya ya ɗauki guda biyu ya kai su kusa da ido ya ajiye bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Abin lura ga wanda zai haɗa su biyun: digiri mai + a Pillow hagu yake juyawa, saɓanin hannun agogo, a ImageMagick kuma dama yake bi.

Na ɗan rage ƙarfin alfa ɗin hatimin don a riƙa ganin rigar yaro ta ƙarƙashinsa, sai na lura in katin RGBA ne paste yana gauraya har alfa ɗin katin, wurin ya zama kamar an ɗan huda shi. Na koma kati.alpha_composite(hatimi, (x, y)) matsalar ta tafi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Kafin masallaci na saki kod ɗin bisa dukan 412, minti biyu bai cika ba ya gama. Na buɗe dosiye ina murna, sai ga yara kusan sittin kwance bisa gefe, biyu ma kai a ƙasa. Abin mamakin in ka buɗe asalin hoton a kwamfuta tsaye yake lafiya.

Waya ce ke wannan. In ka riƙe ta a tsaye ka ɗauki hoto, da yawa ba sa juya fiksel ɗin, sai su ajiye shi a kwance su rubuta ƴar alama cikin EXIF, bayanan da ke ɓoye a fayil ɗin hoto, lamba daga 1 zuwa 8, mai cewa wanda zai nuna hoton nan ya juya shi. Manhajar kallon hoto tana karantawa ta juya, Pillow kuma ɗanyen yake ɗaukowa. Maganin a Pillow shi ne ImageOps.exif_transpose kafin komai, a ImageMagick -auto-orient ne. Waɗanda aka turo ta WhatsApp ba su da wannan ciwon don an riga an juya su an goge alamar, nasu ciwon daban ne, an matse su har fuska ta yi dishi-dishi.

Bayan sallah na koma kan yanka. ImageOps.fit, abin yankan hoto na Pillow, daga tsakiya yake yanka in ba ka ce komai ba, shi ya sa yaran da aka ɗauka har gwiwa katinsu ya fito da ciki da bel babu kai, wasu ƴan mata kuma saman hijabi ya tafi. Akwai centering, lamba biyu tsakanin 0 da 1, na farko hagu zuwa dama, na biyu sama zuwa ƙasa. Na mai da na biyun 0.2 maimakon 0.5, mafi yawa suka gyaru. Sauran 23 da suka ƙi, na ƙara wani layi a fayil ɗin sunaye inda nake rubuta ma kowane tasa lambar da hannu. Na san akwai hanyar da kwamfuta ke gano fuska da kanta, amma forfe ɗina ya kusa ƙarewa kuma yara 23 ba su kai a sauke wani ƙaton abu ba.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Hazo ya sauko yau, da ƙyar ake hango duwatsun Birni, ƙura har cikin amfirimanti. Ranar jera katuna bisa A4 ce.

A4 milimita 210 da 297 ne, a digo 300 ya zama 2480 da 3508. Kati goma ke shiga, biyu a jere sau biyar. Na bar tazarar fiksel 24 tsakaninsu don wuƙar masiko ta samu wurin bi. Faɗin biyu da tazara 2046, an bar 434, rabi 217 kowane gefe. Tsayin biyar da tazara huɗu 3286, an bar 222, rabi 111. Kenan kati na farko 217 da 111, na kusa da shi 1252 da 111, kowane layi na ƙasa a ƙara 662. Takarda 42 gaba ɗaya, ta ƙarshen kati biyu ne kawai a kanta.

Bugun farko na sa ma'auni bisa kati, bai kai milimita 85 ba, ya tsaya wajen 82. Laifina ne, na ajiye PDF ban faɗi resolution=300 ba, Pillow ya ɗauka 72 ne, wato a ganinsa takarda ce mai faɗin santimita 87, sai manhajar bugawa ta matse ta ta shiga A4 har da barin nata gefen. Na gyara, na kuma zaɓi girman gaskiya ɗari bisa ɗari wurin bugawa. 85 da rabi, madalla.

Sai bayan kati. Kowane yaro bayansa na ɗauke da unguwarsu da lambar wayar iyaye, don haka dole baya ya dace da gabansa. Na jera bayan kamar yadda na jera gaban, na juya takarda na buga, na ɗaga ta ga hasken ƙofa, sai ga yaro ɗan Garin Malam ɗauke da lambar uban wata yarinya ƴar Zango. In ka kifa takarda hagu ya koma dama mana. Abin da ke gaba a x, a baya yana 2480 a cire x a cire faɗin kati, 217 ya koma 1252, 1252 ya koma 217. Allah ya taimake ni takarda ɗaya na gwada, da duka 42 na saki da biristol ɗin Yaya ya tafi a banza, kuma da ban lura ba aka raba ma yara, ban ma son tunanin wannan.

Ko bayan haka baya da gaba ba su haɗu cif ba, bayan ya goce ƙasa da kusan milimita biyu. Wannan kam ba kod ba ne, injin ne yake jan takarda da ɗan jinkiri a zagaye na biyu, tsufa ya kama robar. Na buga ƴan gicciye a kusurwa huɗu gaba da baya, na ɗora bisa gilashin taga na auna da ma'auni sau biyar, kullum tsakanin 1,5 da 2. Na sa wata lamba guda a saman kod ɗin, GOCIYAR_INJI = -21, tana ɗaga duk bayan. Na rubuta a gefenta cewa ta wannan injin ce kawai, ranar da Yaya ya sayi sabo a mai da ita sifili a sake awo.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Jiya muka buga duka, ƙanina ya kwana yanka da masiko, ni ina saka su a leda ina turawa injin zafi, sau biyu kuran ya tafi muka jira. Yau da safe na ɗaure su aji aji da roba na hau kabu-kabu na kai. Mushe ya zazzage na aji shida bisa tebur ya jera su kamar karta, ya sunkuya yana bin layin hotunan da ido daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗago ya ce "ɗana, duka layi ɗaya suke." Ya biya rabin da ya rage, dala hamsin hamsin kowane kati, Yaya ya ba ni jika biyar a ciki.

Guda tara sun dawo. Bakwai sunan ne ya yi tsawo, irin masu suna uku da Mahamadou a ciki sau biyu, ya bi ta dama har ya shige ƙarƙashin tambari, don ni wurin farawa kawai na faɗa ma rubutu ban faɗa masa inda zai tsaya ba. Zan auna da textlength, in ya wuce fiksel 600 a rage girman harafi har ya shiga. Biyu kuma tagwaye ne aka musanya hotonsu tun daga lekkol, uwarsu ce ta gane.

Mushe ya ce malamai ma suna son baj nasu, su 19, amma a tsaye suke so ba a kwance ba, 638 a faɗi 1011 a tsayi, da rami a sama na igiya. Kenan duk lambobin da na kafa, 48 da 170 da 855 da 340, babu wadda za ta yi aiki. Gobe bayan masallaci zan kwashe su daga cikin kod in zuba cikin fayil guda, kowace da sunanta da gefen da ake auna ta, ramin igiyar kuma sai na je Kasuwar Dole na ga irin abin hudawar da ake samu kafin in san fiksel nawa zan bari a sama.